Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Mai Bi Domin Yaƙin Ruhaniya

A duk lokacin da aka ambaci yaƙin ruhaniya a majami'unmu, hankalin mutane da yawa yakan koma kan mayu, da aljanu, da mugayen mafarkai. Sai a shirya addu'ar dare, a ɗaga murya, a tsauta wa Shaiɗan har gari ya waye. Addu'ar dare abu ne mai kyau ƙwarai. Amma ranar Litinin da safe fa? Wanda ya kwana yana ɗaure Iblis yakan isa kasuwa ya auna hatsi da mudun da aka bubbuge gindinsa, ko ya isa ofis ya ce takarda ba za ta motsa ba sai an ba shi na goro. A irin waɗannan wurare ne ake kayar da masu bi da yawa, ba tare da kowa ya ji ƙarar faɗuwarsu ba.

Koyarwa mafi tsawo a kan wannan yaƙi tana cikin Afisawa 6:10-18. Manzo Bulus ya rubuta wasiƙar yana ɗaure da sarƙa, zuwa ga ikkilisiyar Afisa, birnin da kufansa yake a ƙasar Turkiyya ta yau. Mutanen Afisa sun shahara da tsafi. Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba da labarin 'ya'ya 7 na wani babban firist da suka yi ƙoƙarin fitar da aljani da sunan Yesun da ba su sani ba, aljanin kuwa ya yi musu dukan tsiya har suka gudu tsirara. Bayan haka masu sihiri da suka tuba suka tara littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ashe kuwa waɗanda Bulus ya rubuta wa sun san ikon duhu sarai. Duk da haka bai aika musu da wani asiri ko kalmomin da za su riƙa maimaitawa ba. Abin da ya lissafa musu shi ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah, da addu'a.

Kayan yaƙin da ya yi misali da su ba baƙi ba ne a gare mu. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sarki ya ga sulke, da kwalkwali, da garkuwa, da takobi. Ya kuma san barde ba ya fara neman ɗamararsa bayan an buga tambari.

Ɗamara ita ce gaskiya, domin ita ke riƙe sauran kaya. Mai bin da ya saba da 'yar ƙaramar ƙarya a ciniki, ko a gaban matarsa, ɗamararsa a kwance take. Sulke shi ne adalci, yana tsare ƙirji. Ma'ajin ikkilisiya da ya ranci kuɗin baiko a ɓoye da niyyar zai mayar a ƙarshen wata ya riga ya tuɓe nasa. Garkuwa ita ce bangaskiya. Ta sojan Roma doguwa ce, wajen ƙafa 4, an yi ta da katako an rufe da fata, sojoji kuma sukan jera su kafaɗa da kafaɗa har su zama kamar bango. Darasin a fili yake: wanda ya daina zuwa sujada da zumunta domin wani ya ɓata masa rai ya fita daga sahu, ya tsaya shi kaɗai a gaban kibau.

A nan dole mu taɓo wani abin da ba a cika faɗa a kan bagadi ba. Akwai waɗanda suke rera waƙa ranar Lahadi da laya a ƙugu, ko guru a ƙarƙashin riga. In yaro ya yi ciwo ko ciniki ya tsaya, sai a bi dare zuwa wurin boka, a ce ai taimakon kai ne. Mutanen Afisa ba su ajiye ko littafi ɗaya don ko-ta-kwana ba. Ba a riƙe garkuwa biyu a hannu ɗaya.

Wanene Abokin Gaban?

Bulus ya bayyana cewa abokin gabarmu ba ɗan adam ba ne. Wannan magana tana da nauyi a gare mu da muke zaune a garuruwan da suka sha ganin rikici, aka ƙone gidaje da wuraren sujada, aka binne 'yan'uwa. Zafin rashi gaskiya ne, neman adalci wurin hukuma kuma daidai ne. Amma ranar da muka ɗauki maƙwabcinmu na wani addini ko wata kabila a matsayin Shaiɗan, ranar ce Shaiɗan na ainihi ya sami abin da yake nema.

Mu duba Bitrus. A Getsamani Ubangiji ya ce musu su yi tsaro su yi addu'a, sau 3 yana dawowa yana samunsu suna barci. Da masu kamun suka iso, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu kuwa ya tsawata masa ya warkar da kunnen. Kafin zakara ya yi cara, mutumin nan mai takobi ya yi musun Ubangijinsa a gaban baranya. Wanda ya yi barci a lokacin addu'a yakan ɗauki makamin da ba shi ba a lokacin tashin hankali, ya kuma rasa ƙarfin hali a lokacin shaida.

Yesu kansa, bayan azumin kwana 40 a jeji, ya amsa wa Iblis sau 3 daga littafin Maimaitawar Shari'a. Maganar tana cikin zuciyarsa tun kafin gwajin ya zo. Tun shekarar 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, yau kuma har a wayar hannu ana samunsa. Takobin da ke rataye a bango yana shan ƙura ba ya kāre mai gida.

Shiri Na Kowace Rana

Shirin ba mai wuya ba ne, naciya yake bukata. Kafin a fita gona, kasuwa ko ofis, maigida ya tara iyalinsa a karanta aya, a yi addu'a ko ta minti 10 ce. Kowa ya san inda bangonsa ya tsage, domin nan ne ƙadangare kan sami wurin shiga: ga wani burkutu ne, ga wani caca, ga wata tsegumi, ga saurayi abin da yake kallo a waya in dare ya yi. Kada a kwana da fushi, gama Afisawa sura 4 ta nuna cewa fushin da ya kwana ƙofa ce ga Iblis. Kowane mai bi ya sami ɗan'uwa amintacce, dattijo ko shugabar Zumuntar Mata, wanda zai iya faɗa wa rauninsa tun bai zama faɗuwa ba.

Kada kuma tsoro ya kama mu. Almasihu ya riga ya ci nasara a kan gicciye, abin da aka umarce mu shi ne mu tsaya daram a inda ya sa mu. Gobe da safe, kafin mu sa takalmi mu fita, mu tabbata mun sha ɗamara.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin tsayawa. Amin.