Sai Da Inuwa: Ganyen Ƙaiƙayi a Ƙala'at an-Nahal

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa Ƙala'at an-Nahal, garin duwatsu da ke jihar Gadarif a gabashin Sudan, kan layin dogon da ya nufi Sinnar.

Ƙasa ce ta baƙar laka, wadda ke tsagewa da rani, ta riƙe ruwa da damina daga Yuni zuwa Oktoba. Dawa da riɗi da ƙaro su ne arzikinta. Amma yau zancenmu na kan wasu ƙananan tsirrai ne da suka fi son inuwa, dangin ganyen ƙaiƙayin da Larabawa ke kira ƙurras. Da yawansu jikinsu cike yake da siraran gashi. Da zarar ka taɓa, sai tsinin ya karye ya zuba ruwa mai zafi a fata. Duk da haka abinci ne. A tsaunukan Habasha, ana dafa irin da ake kira samma a ci, domin tafasa na kashe ƙaiƙayin.

Mai son shuka su, ga abin da suke bukata. Ya nemi gindin tsamiya ko aduwa, inda rana ba ta dukan ƙasa da tsakar rana. Laka zalla na shaƙe saiwa, don haka a gauraya ta da yashi da ruɓaɓɓen taki. A rufe gindin da busasshen ganye, a yi ban ruwa da sassafe, kada ƙasar ta bushe, kada kuma ruwa ya kwanta. Wajen tsinka, a naɗe hannu da ƙyalle.

To, amma ina inuwar? Tun wajajen 1945 da aka fara noman tarakta a Gadambaliya, gonaki suke ta cin dajin Gadarif, masu gawayi kuma na bin sauran. Dokar gandun daji ta Sudan ta wajabta wa mai gonar damina ya bar kashi 10 cikin 100 na filinsa ga itatuwa. Ya kai manomi, wannan kason amana ce a wuyanka. Dakwarar da ka bari za ta ba ka ƙaro, ta tare iska, ta rage zaizayar ƙasa. Tsamiyar da ka ƙyale kuma ta ba ƙananan tsirrai mafaka. Kafin ka nemi iri, fara da barin itace a tsaye.