Zaƙin Hmong da kayan fadamar Rima

Masu iya magana na cewa in babu raƙumi, sai a yi da akala. Al'ummar Hmong, mazauna duwatsun kudancin Sin da Biyetnam da Lawos da Tailan, sun san gaskiyar wannan magana. Bayan 1975, lokacin da 'yan kwaminisanci suka karɓe mulkin Lawos, dubbansu suka yi gudun hijira, da yawa suka yada zango a jihohin Minnesota da Kaliforniya na Amurka. Gonakinsu sun bari a baya, amma girkinsu ya bi su, suna musanya abin da suka rasa da abin da suka tarar.

Cikin wannan girki akwai wani abin zaƙi da suke kira nab vam: siraran taliya ta garin shinkafa da sitacin rogo, mai launi uku, ana sha da sanyi cikin madarar kwakwa da narkakken sukari. Da na gwada shi a gida a Rabah, ban nemi komai daga ƙetare ba. Garin na shinkafar Wurno ne. Aka dama shi da sitaci a kan wuta har ya yi kauri kamar talge, sannan aka matsa shi ta gwagwa ya zuba cikin ruwan ƙanƙara, nan take ya daskare silili-silili. A madadin ganyen pandan mai ba da kore, muka sa ruwan zogale. Zoɓo ya ba da ja. Madarar aya ta tsaya a matsayin kwakwa, mazarƙwaila kuma ta maye gurbin sukari. Aya ba ta kai kwakwa maiƙo ba, amma ƙamshin mazarƙwaila ya cike giɓin.

To, mai karatu, ga inda gizo ke saƙar. Wannan kwano ya yiwu ne saboda manomi ya samu zuwa gona. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta ne domin kwarin Rima ya riƙa noma rani da damina. Amma tun harin Tabanni a gundumar Gandi cikin Yulin 2018, ƙauyuka da dama a gabashin Sakkwato sun ga yadda 'yan bindiga ke raba manomi da gonarsa. Ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno domin tsaron jama'a, ƙasar da ta haifi Sardauna Ahmadu Bello, bai kamata a ce 'ya'yanta na kwana a sansanin gudun hijira ba.

Ana iya musanya kwakwa da aya, ana iya musanya sukari da mazarƙwaila, amma manomin da ya bar ƙauyensa ba shi da madadi. Wajibi ne hukumomi su sa tsaron fadama a sahun gaba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.