Firigo ɗaya, hannuwa goma: wa ke cinye abincin jama'a?

Jama'a masu karatu, musamman ku iyayenmu mata na kasuwa da ƴan uwa ƴan kasuwa, yau mun ɗauko wata magana wadda ake yi wa dariya a fili amma take cin mutane a zuci, wato ɓatan abinci a firigon da jama'a da yawa ke tarayya a kansa. Ma'aikaci ya zo biro da kwanonsa tun da safe, ya sa a firigo, ƙarfe ɗaya na rana ya buɗe ya tarar an kwashe naman, ko ma kwanon gaba ɗaya ya yi ƙafa. Haka ma a kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi, ko Katako da Wadata a Yamai, inda mata uku ko huɗu ke haɗa kayansu a firigon ƙanƙara guda, da wuya mako ya ƙare ba a ji wata na ƙirga ledojin zoɓonta tana salati ba.

Wata za ta ce ina ruwan ƴar kasuwa da firigon biro. Da ruwanta. Ita ke tashi tun asuba ta dafa wa maigida ko ɗa abin da zai tafi da shi wurin aiki, kuma sau da yawa ita ce mai tuwon da ma'aikata ke aike a sayo a wurinta.

Abin da ya faru a wurin aikinmu

Bari mu fara da kanmu, don kada a ce muna hangen na wani. A wurin da muke aiki akwai ƙaramin firigo guda, mutum sama da goma ke amfani da shi. Wata shekara da bazara aka shiga ɓatan kaya: yau gorar nono, gobe dambun wata, jibi kilishin da aka kawo wa wani tsaraba daga Madawa. Ba wanda ya ga kowa. To amma da yake baki ba ya rasa wanda zai kama, sai zato ya faɗa kan baba mai gadi, don shi ke kwana a wurin kuma shi ya fi kowa ƙaramin albashi. Aka fara ɗauke kai in ya yi gaisuwa, har maganar ta kai kunnen uban gida, saura ƙiris dattijon nan mai iyali ya rasa aikinsa.

Allah ya taimake shi, ya tafi ƙauye ta'aziyya kwana biyar, kaya kuma ba su daina ɓata ba. Nan jikin kowa ya yi sanyi. Da aka zauna aka bi maganar a hankali, sai aka tarar hannu uku ne. Na farko yana zuba nonon mutane a shayinsa, a zatonsa na ma'aikata ne duka, don gorar ba ta da suna. Na biyu wani yaro ne mai koyon aiki, ba a biyansa ko dala, daga nesa yake zuwa, yunwa ke sa shi ya ɗebi cokali biyu ya rufe. Na uku babba ne mai albashi mai kyau, kwaɗayi ne kawai da ganin cewa ba mai iya tuhumarsa. Da baba mai gadi ya dawo muka ba shi haƙuri, amma har yau in mun tuna kunya ke kama mu. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda bai zama ba.

Me ya sa abin ya yawaita?

A da, ma'aikaci na tashi da rana ya koma gida ya ci abinci, ya dawo da la'asar. Yanzu a ma'aikatu da yawa ana wuni ne a wurin aiki, garuruwa sun yi faɗi, kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa ya kusa kuɗin abincin kansa. Dole mutum ya zo da kwanonsa. A watannin Afrilu da Mayu kuma, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a yawancin garuruwanmu, abincin da aka bari a kan tebur tun safe ba ya kai azahar da lafiyarsa. Sai kowa ya ruga firigo guda.

A kasuwa ma haka ne. Ba kowace mace ke da ƙarfin sayen firigon ƙanƙara ba, ga kuɗin wuta. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agusta na 2023, kafin a ɗage takunkumin CEDEAO a watan Fabrairu na 2024, mun ga yadda masu injin wuta ko faranti mai aiki da hasken rana suka zama abin nema, kowa na kai kayansa ajiya wurinsu. Inda kayan mutane da yawa suka haɗu babu alama babu ƙirga, hannu ba ya rasa shiga.

Akwai kuma al'adarmu. Mun tashi muna ci a kwano ɗaya, ba ka cin abinci gaban mutum ba ka ce masa bisimilla ba. Wannan abin alfahari ne. Amma bisimilla daga bakin mai abinci take fitowa, ba wanda ke yi wa kansa ita a bayan idon mai kaya. Wasu kuma na fakewa da wasan taubasai, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, al'adar da hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Sai dai taubashi a gabanka yake fizge tsokar nama, a yi dariya, gobe ka rama. Wanda ya jira sai ka fita ya buɗe kwanonka, ya kuma yi shiru da aka yi cigiya, ya bar wasa ya shiga wani abu daban.

Mu yi lissafi

Ana cewa ai ɗan abinci ne. To mu ƙirga kamar yadda kuka saba. A ce kwanon rana na dala ɗari ne, wato 500 na sefa. In za a riƙa cinye shi kullum a kwanakin aiki 22 na wata, an ci jikka 11. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar tun farkon 2024 jikka 42 ne, ke nan an ci sama da kashi ɗaya cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci. Ke kuma Hajiya mai zoɓo, in ledar dala biyar guda 10 ke ɓata miki kullum, dala hamsin ke nan a yini, a kwana 30 jikka 7 da dala ɗari. Wannan zubin adashen wata ne sukutum, kuma daga riba yake fita, uwar kuɗi na nan tana jiran a biya mai sukari da mai leda.

Wani lokaci ma abin ya wuce kuɗi. Mai ciwon sukari na da abincinsa na musamman da lokacin cinsa, wani har allurar insulin yake ajewa a firigo, wadda ke son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Mai jego na iya aje nonon da ta tatsa wa jaririnta. Wanda ke jagwalgwala kayan mutane bai san abin da yake taɓawa ba.

Abubuwan da bai kamata a yi ba

Na farko, kada a zuba wani abu a abinci don kama ɓarawo. Mun sha jin masu cewa za su sa maganin zawo ko wani gari, mai ci ya gane kurensa. Wannan ganganci ne. Ba ka san wanda zai ci ba, ko yaro ne, ko mai ciki, ko mai wata cuta. Doka kuma na hukunta wanda ya ba mutum abu mai cutarwa da gangan, ko da a kwanonsa ya zuba. Sai a wayi gari mai kaya ne a gaban ɗan sanda, wanda ya ci kuma ya zama mai ƙara.

Na biyu, kada a kama sunan mutum babu shaida, balle a kai sunansa wurin mai duba. Kullum ƙaramin ma'aikaci ko ƴar aike ake fara nunawa, alhali labarinmu na sama ya isa darasi.

Na uku, kada a yi terere a gaban masu saye ko baƙi. Kasuwa da suna take tafiya. Wadda aka kira ɓarauniya a tsakiyar rumfa ba ta mantawa, danginta ma haka, rigimar ledar dala biyar sai ta zama gabar shekaru.

Na huɗu, uban gida ba ya yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara don ransa ya so. Akwai dokar aiki ta 2012, akwai wakilan ma'aikata, akwai ofishin masu binciken harkokin aiki. Sata laifi ce da za ta iya kai mutum ga kora, amma sai an tabbatar, an kuma ji ta bakinsa.

Abin da muka gwada ya yi aiki

In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Mai kaya ya fara da kansa. Kowa ya rubuta sunansa da ranar ajiya a kwanonsa ko gorarsa. Wadda ba ta yi boko ba ta ɗaura zare ko ƙyalle mai launin da kowa ya san nata ne. A kasuwa, kowace mace ta samu buhunta ko bokitinta mai murfi a cikin firigon, a ƙirga kaya gaban mai firigo lokacin sawa da lokacin ɗauka, a rubuta a ɗan littafi kamar yadda uwar adashe ke yi. Makulli ya zauna hannun mutum ɗaya da kowa ya yarda da shi.

Sannan a ware wuri guda na kowa da kowa. A wurinmu ɗakin ƙasa na firigon muka ware: duk abin da aka sa a nan sadaka ne, mai so ya ɗauka ba tambaya. Muka kuma riƙa haɗa dala hamsin-hamsin a ƙarshen wata don madara da sukari da ganyen shayi. Daga ranar mai zuba nonon mutane ya daina, don da ma rashin sani ne. Yaron nan mai koyon aiki kuma wata babbar yaya a cikinmu ta ja shi gefe, ba wanda ya ji abin da suka faɗa, aka dai ga kullum tana zuwa da kwano biyu. Mai jin yunwa taimako yake bukata, tona masa asiri ba ya ƙosar da shi.

In abin bai tsaya ba, a yi magana a taro ba tare da kiran suna ba: jama'a, kaya na ɓata, mai yi ya ji tsoron Allah ya bari. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, zai gane da shi ake. In an san mutumin tabbas, a same shi shi kaɗai, cikin mutunci: Malam, jiya na ga ka ɗauki kwanona, in kana so ka faɗa mini, amma kada a sake ɗauka ban sani ba. In babba ne wanda ba ka iya tunkara, ka bi ta hannun sa'ansa ko taubashinsa, wanda zai faɗa masa gaskiya cikin raha ta shige shi. Da namu babban haka aka yi. Sai in duk wannan ya ƙi, a kai ga shugaban ma'aikata, a kasuwa kuma ga shugabar ƙungiyar mata ko sarkin kasuwa, da ranaku da ƙirgar abin da ya ɓata a rubuce.

Kada a manta da lafiyar abincin

Wani abin da ake cewa an sace, zubar da shi aka yi don ya lalace. Hukumar lafiya ta duniya OMS na gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, sanyin firigo kuma ya kasance ƙasa da digiri 5. In wuta ta ɗauke, firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4, firigon ƙanƙara cikakke kuma har kwana 2, in rabi ne kwana 1. Ke nan mai yawan buɗewa yana leƙen kwanon wasu yana ɓata kayan kowa ne, ko bai ɗauki komi ba. A sa ranar Juma'a ta zama ranar kwashe tsohon abinci da wanke firigo, a sanar tun Alhamis, don kada a zubar da na wani ya ce an sace. Ɗanyen nama da kifi su zauna a ƙasa cikin leda mai kyau, dafaffe da abin sha a sama.

Daga ƙarshe muna kira ga mai wannan hali, ko a biro yake ko a rumfa, da ya tuna cewa kwanon nan da yake buɗewa wata ce ta tashi tun kiran sallar farko ta hura wuta a kansa, kuma haƙƙin mutum ba ya ƙanƙanta don loma biyu ce. In yunwa ce, a buɗe baki a faɗa, ba a rasa mai cewa bisimilla a ƙasar nan. Ku kuma masu kaya, a sa alama, a ƙirga, a riƙe harshe sai an tabbata. Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka a kasuwa, amin.