KWANA BIYAR A ƘAFA BISA DUTSIN KENYA

A ƙasar Kenya, gabashin Afirka, akwai wani dutsi wanda ƙasar ta samo sunanta daga gare shi. Tsawonsa mita 5.199 ne, wato ya ninka tsaunin Bagzan na Abzin fiye da sau biyu. Ko da yake yana yankin zafi, ƙanƙara ce kwance a ƙololuwarsa. Kikuyu mazauna gindinsa suna ce masa Kirinyaga. Bature na farko da ya hau kansa shi ne Halford Mackinder, a shekara ta 1899.

Ƙololuwa mafi tsawo, Batian, sai gwanayen hawa da igiya. Mai tafiya da ƙafa kuwa burinsa Lenana, mai mita 4.985. Hanyar da ta fi ƙayatarwa ita ce wadda ta tashi daga garin Chogoria, ta gabas, kuma takan ci kwana biyar. Babu kasuwa, babu ƙauye. Kowa da jakarsa a baya. Tanti, bargo, tukunya da guzuri suna wuyan ƴan dako da ɗan jagora.

Da farko ana ratsa kurmi da dajin gora, mazaunin giwa da ɓauna. Daga nan itatuwa su ƙare, a fita fili mai ciyawa da hazo, a ya da zango a bakin tabkin Ellis. Zango na gaba shi ne tabkin Michaelson, wajen mita 4.000, kwance cikin wani kwari mai zurfi, ganuwar duwatsu kewaye da shi. Ruwansa garai-garai, sanyinsa na yanke hannu. Rema na kai da komo tsakanin duwatsu. Da rana hantsi ya ƙone fata, da dare raɓa ta daskare bisa tanti.

A nan ne haɗari yake. Gwargwadon hawa, gwargwadon ƙarancin iskar shaƙa. Mai gaggawa sai ciwon kai ya kama shi, da amai, da rashin barci. Idan ya nace, ruwa na iya taruwa a huhunsa har ya rasa ransa. Maganin abin shi ne a sauko da shi ba tare da jinkiri ba. Shi ya sa ƴan jagora ke hana sauri, ko ga ƙaƙƙarfan saurayi. Ranar ƙarshe ta hawa ana tashi tun cikin dare da fitila, domin fitowar rana ta iske mutum bisa Lenana.

Waɗannan tabkuna aikin ƙanƙara ne. A zamanin da, ita ce ta gangaro tana ƙwaƙule dutsi, da ta narke ruwa ya cika guraben. Wadda ta saura kuwa tana ƙarewa: tarin ƙanƙarar da ake kira Lewis ya rasa wajen kashi 90 cikin 100 na girmansa tsakanin 1934 da 2010, saboda ɗumamar duniya.

An mai da saman dutsin gandun hukuma a 1949, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1997. Ɗaya daga cikin dalilan kare dutsin shi ne ruwa. Kurmin da matafiyi ya ratsa a rana ta farko shi ke riƙe ruwan sama, yana sakinsa sannu a hankali cikin ƙoramun da ke ciyar da kogin Tana, inda Kenya ke samun lantarki da ban ruwan gonaki. Idan gatari ya ci kurmin nan, manomi na ƙasa shi zai fara jin ƙishirwa.