Ilmin Sanin Guba: Hanyar Samun Digirin Dakta Da Sababbin Dabarun Gwaji

Jama'a ba za su manta da abin da ya auku a Jihar Zamfara cikin 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta halaka yara kimanin 400 a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Kafin wannan, cikin 2008, maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara fiye da 80, saboda an gauraya shi da wani ruwa mai lalata ƙoda. Haka kuma cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta, domin an tarar da maganin ƙwari a jikinsa fiye da ƙima. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, masu ilmin sanin guba ne suka gano tushen ɓarnar. Irin waɗannan masana kuwa ƙasarmu tana bukatarsu ƙwarai.

Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa cikin 1975, tana koyar da aikin likita da haɗa magunguna da likitancin dabbobi, kuma duk fannonin nan uku suna da rabonsu cikin wannan ilmi. Abin bincike kuma ba ya ƙarewa a Borno. Akwai maganin ƙwarin da waɗansu ke zuba wa wake da busasshen kifi, akwai saiwoyi da sassaƙen da ake sha ba tare da sanin adadi ba, ga kuma batun tsabtar ruwan rijiyoyi bayan ambaliyar Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle.

Yadda ake gwajin guba

Tun 1927 aka saba da wata hanya, watau a ɗura wa ɓeraye masu yawa abin da ake zargi, a ga adadin da zai kashe rabinsu. Cikin 1959 waɗansu Turawan Ingila biyu, Russell da Burch, suka kawo shawara uku: a maye gurbin dabba in da hali, a rage yawan dabbobin, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Hanyar Lorke ta 1983, wadda ɗalibanmu suka fi sani, dabbobi 12 ko 13 kawai take bukata. Daga baya Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada a kan dabbobi cikin 2013, Amurka kuma cikin 2022 ta janye dokar da ta wajabta gwada kowane sabon magani a jikin dabba.

Kada a ɗauka tausayi kaɗai ya kawo wannan canji, ko da yake tausayin dabba abu ne da addini da al'ada suka hore mu da shi. Jikin ɓera dabam yake da na mutum, kiwonsa kuma da tsada. Waɗansu daga cikin sababbin dabarun sun dace da mu sosai. Da can ana ɗiga magani cikin idon zomo mai rai don a ga ko zai ƙone shi. Yanzu ana iya amfani da idon saniyar da aka riga aka yanka a kwata, kuma ba wanda zai ce Maiduguri tana ƙarancin shanu. Ana tsoma gindin albasa cikin ruwan da ake zargi, a duba saiwarta da madubin likita a ga ko girmanta ya tsaya. Ana amfani da tantanin ƙwan kaza, da ƙwayoyin halittar mutum da ake renonsu cikin kwalba, da lissafin kwamfuta. Amma fa har yanzu da ɓera ake auna ƙarfin maganin dafin maciji, wanda asibitin Kaltungo ke ceton manoma da shi daga cizon kububuwa. Ɗalibin da ya samo abin da zai maye gurbin wannan gwaji zai yi wa ƙasa babban aiki.

Inda ake samun taimakon kuɗi

Malamin jami'a ko kwaleji ta gwamnati yana iya neman taimakon Asusun TETFund, wanda aka kafa cikin 2011. Ta hannun makarantarsa zai nema, ba kai tsaye ba. Sai dai a lura, tun Janairu 2025 asusun ya dakatar da tura sababbin malamai ƙasashen waje, ya mai da hankali ga karatu a jami'o'in gida. Mai son fita waje sai ya sa ido ga sanarwar tallafin Commonwealth na Ingila, wanda Hukumar Ba Da Tallafin Karatu ta Tarayya ke tace masu nemansa, ko kuma na hukumar DAAD ta Jamus.

Lalle ne mai nema ya kasance yana da digiri na biyu a fanni makusanci, da malamin da ya yarda ya duba aikinsa, da kuma takardar tsarin bincike. Wannan takarda ita ce ke tsai da mutum ko ta kayar da shi. Sai ya zaɓi matsala guda ta yankinsa, ya bayyana dabbobi nawa zai yi amfani da su da dalilin haka, ya kuma nuna inda wata dabara za ta wadatar. Duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi don ya samar wa wani gurbin tallafi, mazambaci ne, a kai ƙararsa ga hukuma.