Zuwa yankin Schengen: Dokokin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya ɗaura kaya

Samun bizar Schengen kan sa wasu matafiya su ɗauka cewa sun haye, alhali bizar ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya buɗe wa kowa ƙofa. Wanda ya kasa gamsar da shi ana iya mayar da shi gida daga filin jirgi, kuɗin tikiti da na masauki su tafi a banza.

Yankin ya samo sunansa ne daga wani ƙauye a ƙasar Luxembourg, inda aka sanya hannu kan yarjejeniyar a 1985. A yau ya ƙunshi ƙasashe 29, ciki har da Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya, kuma biza ɗaya ta isa a zagaya su duka. Birtaniya da Ireland ba sa ciki.

Neman biza

Ana neman bizar ne a ofishin jakadancin ƙasar da mutum zai fi daɗewa a cikinta. Idan kwanakin sun zo daidai, sai ya nufi na ƙasar da zai fara sauka. Ana karɓar takardu tun watanni shida kafin tafiya, kuma a ƙa'ida bai kamata a kai su ƙasa da kwana 15 kafin ranar tashi ba. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45.

Tun watan Yunin 2024 kuɗin bizar babba ya koma Yuro 90, kuma ba a mayar da shi ko da an hana mutum. Wajibi ne fasfo ya kasance an bayar da shi cikin shekara goma da suka gabata, yana da shafuka biyu da ba a yi amfani da su ba, sannan ya rage masa aƙalla wata uku bayan ranar barin yankin. Haka kuma sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000.

Lissafin kwanaki

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Baƙo ba zai wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 ba, kuma ranar shiga da ta fita duk suna cikin lissafi. Ɗan kasuwar da ya yi kwana 60 a Italiya, ya koma gida ya yi wata guda, sannan ya nufi Faransa, kwana 30 kacal suka rage masa, ko da bizarsa ta shekara biyu ce. Wani kuma kwana 15 kawai ake rubuta masa a jikin bizar, kuma wannan adadin shi ne iyakarsa.

Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara amfani da sabon tsarin na'ura mai adana ranar shiga da fitar kowane baƙo, domin maye gurbin buga hatimi a fasfo. Wanda ya zarce wa'adinsa na iya fuskantar tara, ko a hana shi sake shiga.

A bakin iyaka

Ya kamata tikitin dawowa da shaidar masauki ko takardar gayyata da shaidar kuɗin guzuri su kasance a jakar hannu, domin ana iya tambayar su. Duk wanda ke ɗauke da tsabar kuɗi da ta kai Yuro 10,000 ko kwatankwacinta, dole ne ya bayyana wa jami'an kwastam.

Tarayyar Turai ta kuma haramta wa matafiya shigo da nama da madara da dangoginsu daga waje. Ke nan kilishi da dambun nama da man shanu da ake ɗauka a matsayin tsaraba, ƙwacewa za a yi.

Mai fasfon Najeriya ko Ghana da zai sauya jirgi kawai a yankin shi ma yana buƙatar bizar ratse, sai fa idan yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, kamar masu bizar Amurka ko Kanada da ke aiki. Bizar yawon buɗe ido kuwa ba ta halatta wa mai ita ya kama aikin albashi ba.