Ko Kun Sani?

Adabin Faransanci da ake karantawa a jami'a ba labarin Faransa kaɗai ba ne. Har tarihin ƙasar Hausa yana ciki. A 1980 marubucin nan na Nijar, Abdoulaye Mamani, ya wallafa littafin Sarraounia da Faransanci. Labari ne na sarauniyar Lugu, a yankin Dogon Dutse, wadda ta ja daga da rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet a 1899, rundunar da ta riƙa ƙone garuruwa a hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Mai shirya fina-finai Med Hondo ya mayar da littafin fim, kuma fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1987. Ɗaliban Faransanci, ku nemi littafin nan ku karanta.